Yadda Ake Shirya Fitar Ƙarshen Mako ta Ma'aikatan Ofis da Iyalansu Zuwa Bakin Ruwa

Shekaru da dama ke nan ni ake ɗora wa shirya fitar da ofishinmu na nan Zariya yake yi sau ɗaya a shekara, wadda ma'aikata suke ɗaukar iyalansu a je bakin ruwa a yini ko a kwana. Wanda bai taɓa riƙe wannan aiki ba yakan zaci bai wuce a ɗauko mota a dafa shinkafa ba, sai ranar da ya tsinci kansa a bakin dam da yara arba'in waɗanda ba shi ya haifa ba, sannan zai gane amana ce ya ɗauka. Abin da ake nema da fitar shi ne mutanen da suke gaisawa a tsaitsaye daga Litinin zuwa Juma'a su san juna da gaske, akanta ya san 'ya'yan direba da sunayensu, matar manaja ta zauna a tabarma ɗaya da matar masinja. Ni kuwa da abu ɗaya nake auna ta, wato iyalin ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi su dawo gida lafiya, ba a kunyata su ba, yaransu suna tambayar yaushe za a koma.

Kayan da za a tanada

Abu na farko littafi ne mai kauri da biro biyu, domin a cikinsa za ka rubuta sunaye da lambobin waya da kowane kwabo da ya shigo ko ya fita. Kada ka dogara da waya kaɗai, saboda caji yana ƙarewa, sabis kuma yakan ɗauke a daidai lokacin da ake nemansa.

Sai kayan tsare rai: doguwar igiya mai ƙwari wadda ta kai mita 30, turakun kafa ta, usur guda huɗu, doguwar gora, da rigunan kariya daga nutsewa na manya da na yara. Idan ba a sami rigunan ba, a soke maganar shiga kwale-kwale ɗungurungum. Don ceto daga gaɓa kuwa, jarka mai lita 25 wadda babu komai a cikinta tana aiki: a ɗaure murfinta tam, a ɗaura igiya a mariƙinta, a jefa wa wanda ya faɗa ruwa ya rungume a jawo shi.

A cikin akwatin taimakon gaggawa a sa farasitamol na manya da na yara, filasta, bandeji, auduga, aidin, almakashi, safar hannu, sabulu, da ƙunshin gishirin ORS na masu gudawa. Idan shi ya ƙare ana haɗa madadinsa da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Don zama, a ɗauki rumfa biyu ko uku irin ta gidan biki, ko tamfol da igiya idan akwai itatuwa a wurin. Tabarmi masu yawa sun fi kujerun roba, domin da an jera kujeru sai ka ga manya sun haye, ƙananan ma'aikata sun koma ƙasa, an dawo da ofis bakin ruwa ke nan. A ɗauki kujeru kaɗan saboda tsofaffi da masu ciki da masu ciwon gwiwa. A haɗa da butoci, dardumomin salla, fo na yara, buhunan zuba shara, da zannuwan da za a kewaye wa mata wurin alwala da canza kaya. Na girki su ne kuloli, ƙanƙara, tukunyar gas ko kurfoti da gawayi, manyan farantai da wuƙaƙe. Idan za a kwana, sai an ƙara fitilu masu caji, tocila, gidan sauro da barguna.

Ruwan sha a lissafa shi, kada a ƙiyasta. Ina ware wa kowane mutum lita uku a yini, wato leda shida ta ruwan da ake sayarwa, tun da kowace kusan rabin lita ce. Jaka ɗaya leda 20 ce, don haka mutum 80 suna buƙatar jaka 24 a yini, ban da ruwan alwala da na girki da za a ɗauko a jarkoki.

Mataki na 1: Amincewar shugaba da kafa kwamiti

Ka kai wa shugaban ofis maganar a rubuce, ka kuma roƙe shi ya rubuta abin da ofis zai bayar, domin alkawarin baki yakan narke idan wata ya yi nisa. Daga nan a kafa kwamiti na mutum biyar. Lallai ne a sami mace a ciki, da ƙaramin ma'aikaci ɗaya, da Kirista ɗaya idan ofishin ya haɗa mabiya addinan biyu kamar yadda ofisoshi da yawa a Zariya suke. Kwamitin manya zalla yakan manta da abubuwan da sai mai goyo ko mai ƙaramin albashi ne yake ganinsu. Wanda yake riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai sayayya.

A faɗa tun farko cewa zuwa ba dole ba ne, kuma wanda bai je ba ba za a riƙe shi da shi ba. Maigadin da zai tsaya tsaron ofis bana shi ne zai je baɗi, a kuma kai masa rabonsa na nama da abinci.

Mataki na 2: Zaɓen wuri da lokaci

Zariya ba ta da teku. Wanda ya ce lallai sai bakin teku, to Legas yake nufi ko Badagry, kuma tafiyar mota daga nan zuwa can takan cinye yini guda cur har da ɗoriya. Asabar da Lahadi ba su isa ba ke nan, sai an haɗa da ranakun hutu, ko a hau jirgin sama daga Kaduna ko Kano, wanda ba kowane ofis ne zai iya biya wa iyalai ba. Idan har an je, a sani cewa Tekun Atlantika a gaɓar Legas yana da igiyar ruwa mai fizgar mutum zuwa ciki ko da yana tsaye ruwa iya gwiwarsa. Tarkwa Bay ta fi sauran wuraren kwanciyar ruwa saboda a killace take, sai dai da jirgin ruwa ake isa can. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a rafin Kubanni na nan Zariya kada ya ɗauka ya san teku. Wanda kuma ruwa ya ja, kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga hanyar ruwan.

Mu dai madatsun ruwa muka fi zuwa. Dam ɗin Tiga da ke wajen Bebeji, wanda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, yana da faɗin da yaro zai tsaya ya kasa hango ɗaya gaɓar sosai, kuma ta hanyar Kano ake zuwa daga nan, tafiyar awa biyu zuwa uku idan hanya ta yi kyau. Akwai kuma dam ɗin Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi. Idan kuɗi sun yi kaɗan ko hankali bai kwanta da hanya ba, a yi yini ɗaya a gida, a gefen dam ɗin Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, bayan an nemi izinin jami'a. Ofishin da yake da hali, kuma mutanensa suke son shiga ruwa da gaske, ya yi tunanin Yankari a jihar Bauchi, inda ruwan Wikki yake fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai da ɗumin da ya kai digiri 31 dare da rana. Can ma da nisa, kuma birai suna wawure abinci daga hannun yara.

Lokacin da na fi so shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwan sama ya ɗauke, sanyin hunturu bai kankama ba. Watan Fabrairu ma yana yi. A guji Agusta da Satumba, lokacin da dam yake cike, gaɓa take taɓo, hadari kuma yakan taso ba sallama. A guji Maris da Afrilu saboda zafin bazara. A duba kalanda kada ranar ta faɗa cikin azumi, ko makon Salla, ko Kirsimeti da Ista, ko lokacin jarrabawar yara.

Mataki na 3: Zuwa duba wurin da ƙafarka

Mako uku kafin ranar, mutum biyu daga kwamiti su je su gani da idonsu. Hoton da aka turo a waya ba ya nuna ƙaya da fasassun kwalabe, ba ya nuna ko banɗaki yana da ƙofa. A fara da masu iko da wurin. Tiga, alal misali, tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka takardar neman izini ita ce gaba. Sai a gaida dagaci ko mai unguwa, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa ranar zuwa da yawan mutane, a kuma tambayi mutanen gari halin tsaro a wannan makon, a sake tambaya ana gobe tafiya.

Wanda ya fi kowa amfani a wannan ziyara shi ne Sarkin Ruwa ko wani dattijo cikin masunta. A je masa da goro da ladabi, a ce, "Baba, da yara za mu zo, ina ne za mu zauna, ina ne kuma ba a zuwa?" Shi ya san inda ƙasa take gangarawa a hankali da inda rami yake, da inda aka taɓa rasa rai. A roƙe shi ya ba da masunta biyu gwanayen iyo waɗanda za su yini tare da ku, a yanka musu ladansu. Kafin a dawo a gano asibiti mafi kusa, a auna minti nawa ne a mota, a gwada layukan waya a ga wanne ne yake kamawa. Masauki kuma a shiga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, a murɗa famfo, a ɗaga katifa, kafin a ba da kafin alƙalami.

Mataki na 4: Ƙidayar masu zuwa

A raba takarda kowa ya rubuta sunayen waɗanda zai zo da su, da shekarun yara, a rufe karɓa kwana goma kafin tafiya. A ofishinmu ma'aikata ashirin sukan zama mutum saba'in zuwa tamanin. Tambayar da takan tayar da ƙura ita ce ta mai mata biyu ko uku. Kada kwamiti ya sa baki a cikin gidan mutum. A yanka wa kowane ma'aikaci kujeru daidai wa daida, misali biyar, wanda yake son ƙari ya biya kuɗin ƙarin, yadda zai raba kuma tsakaninsa da iyalinsa ne. Ma'aikaciya ma kujerunta biyar ne, kuma a aika wa maigidanta gayyata ta mutunci da sunan ofis. Wanda bai yi aure ba ya zo da mahaifiyarsa ko ƙannensa.

A keɓe, ba a zauren WhatsApp ba, a tambayi iyaye ko akwai mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko ciwon suga. Yaro mai sikila ruwan sanyi da ƙishirwa suna tayar masa da ciwo, mai farfaɗiya kuwa ba a barinsa kusa da ruwa shi kaɗai ko na minti ɗaya. Kowa ya zo da maganinsa.

Mataki na 5: Kuɗi

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Shekarar farko mun yanka wa kowa kuɗi iri ɗaya, muna ganin adalci ke nan. Ana jibi tafiya masinjanmu ya zo ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ba zai sami zuwa ba. Sai bayan wata biyu, muna zaune a benci bayan sallar azahar, ya ce mini, "Yallaɓai, tsohuwa lafiyarta ƙalau. Kuɗin da aka yanka ne ya kusa na hatsin gidana na wata, na kuma ji kunyar faɗa. Yara kuwa har sun wanke kayan Sallarsu." Tun daga ranar ake yanka gudummawa gwargwadon matakin albashi, ƙananan ma'aikata na ƙasa ba sa biyan komai, kuma ma'aji kaɗai ya san abin da kowa ya bayar.

Idan ofis ba zai ba da komai ba, a fara adashi wata shida kafin lokacin. A lissafa mota da mai, abinci, masauki, ladan masunta da masu girki, kuɗin shiga, sannan a ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, a kuma sake tambayar farashi mako ɗaya kafin tafiya, domin kuɗin mai ba ya zama wuri ɗaya. A riƙe tsabar kuɗi a hannun mutum biyu, saboda mai kifi a bakin dam ba lallai ya karɓi tiransifa ba. Kowace sayayya da rasit, inda babu rasit mutum biyu su sa hannu a littafi.

Mataki na 6: Mota da direba

A ɗauki mota ta hannun shugabannin tasha, a Kwangila ko wata tashar da aka sani, domin a sami wanda za a riƙe idan an saɓa alkawari. Bas ƙirar Hiace tana ɗaukar mutum 18, Coaster kuma wajen 30. Duk yaron da ya wuce shekara uku a ba shi kujerarsa, kaya kuma su tafi a motarsu daban, musamman tukunyar gas. Ana gobe tafiya a kawo motocin a duba tayoyi da safaya da birki da fitilu, a ga lasin direba da takardun mota. A kowace mota a sa ɗan kwamiti a gaba da jerin sunayen mutanensa, shi ne zai ce wa direba, "Malam, a rage gudu, da yara muke." A rubuta lambar gaggawa 112 da ta hukumar kiyaye haɗurra 122 a bangon littafi. Ƙaramar mota ɗaya ta bi ayari, ba ta da aiki sai kai mara lafiya asibiti, kuma kada a tare ta a wurin fakin.

Mataki na 7: Abinci

Sayayyar busassun kaya a yi ta a kasuwar Sabon Gari kwana uku kafin tafiya, nama da kayan miya kuma ranar Juma'a. Abin da yake jure hanya shi ne dambun nama, kilishi, soyayyen nama, cincin, burodi, dafaffen ƙwai, lemo da rake. Abin da yake saurin lalacewa shi ne alale, da wake, da haɗin kabeji mai bama, da fura da nono idan babu ƙanƙara. Shinkafar da aka dafa da asuba aka rufe a kula za ta kai azahar, amma da zarar an buɗe ta huce, kada ta wuce awa biyu ba a cinye ba, kuma kada a ɗumama ragowarta a ba yara da dare. Na dare a dafa shi a can.

A ɗauki masu girki biyu ko uku a biya su. Kuskure ne babba a gayyato matan ma'aikata hutawa sannan su yini a gindin murhu, kuma idan aka bar abin haka, matan ƙananan ma'aikata ne za su ƙare da wanke-wanke. Yara ake fara zuba wa, sai mata, sai maza, tukunya ɗaya ga kowa. Direbobin haya da masuntan da aka ɗauka suna cikin lissafi.

Mataki na 8: Tashi, isa, da shata iyaka da ruwa

A haɗu a ƙofar ofis bayan sallar asuba, a ce ƙarfe 6:30 don a tashi 7:00, lokacin gari ya waye hazo ya ɗan sarara. A kira sunaye, a yi addu'a, a tafi a jere. Maganar ƙasaru da haɗa salloli a tambayi malami tun daga gida, kada a tsaya gardama a bakin hanya.

Da an isa, kada yaro ko ɗaya ya sauka sai an kafa igiya. A ja ta taku goma daga bakin ruwa, a tara yara da iyayensu a nuna musu cewa ba a tsallake ta sai da hannun babba. A kafa rumfuna ta yadda masu zama za su fuskanci ruwa. Wata shekara, kafin mu koyi wannan, shugabanmu ya miƙe yana jawabin maraba, kowa ya juya ya fuskance shi, ruwa yana bayanmu. 'Yar direbanmu mai shekara huɗu silifas ɗinta ɗaya ya faɗa ruwa, ta bi shi. Babu wanda ya ji kuka ko ƙara. Wani masunci da yake gyaran komarsa a gefe shi ne ya yi tsalle ya sunkuto ta ruwa ya kai mata ƙirji, ya kawo ta rumfar mata rigarta tana ɗiga, silifas ɗin kuwa yana can yana lilo a kan ruwa. Uwarta ta kasa magana, sai rawar jiki. Abin da masuncin ya faɗa mana kawai shi ne, taku biyu gaba da inda ya same ta rami ne.

Mai nutsewa ba ya ihu, domin duk numfashin da ya samu bai isa magana ba. Saboda haka ake naɗa masu gadin ruwa, manya huɗu, kowa da usur a wuya, su tsaya a kan igiya sun ba taro baya, ba waya, ba hira. Ana canza su kowane minti 30, kuma mutum ba ya barin wurinsa sai ya rataya usur ɗin a wuyan wanda ya karɓe shi. Lokacin salla da lokacin cin abinci su ne mafi hatsari, a nan ne abokan aiki Kirista suke riƙe gadi, Musulmi kuma su riƙe musu ranar Lahadi da safe lokacin da suke tasu ibadar. Kada a ce wa yarinya 'yar shekara goma ta kula da ƙanenta, ita ma yarinya ce. A ƙirga yara da suna a kowace salla.

Idan aka ciro mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har a sami ma'aikacin lafiya. Kada a ɓata lokaci wajen matsa cikinsa ko juya shi kai ƙasa. Ko ya farfaɗo garau, a kai shi asibiti. Wannan aikin hannu ne da ake koya, don haka a tafi da nas ko ɗan agaji wanda aka horar.

Ni ba na barin yara su yi wanka a dam, ko da a wuri mara zurfi, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi da suke rayuwa a ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mutum ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. Abin da muke yi shi ne mu cika manyan robobi da ruwan burtsatse a bayan igiya, ƙanana su yi ta facal-facal a gaban iyayensu, a zubar da ruwan da zarar sun gama. Magudanan ruwan noman rani masu bangon siminti kuma a nisance su, ruwansu yana gudu, bangonsu yana da santsi, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa.

Kwale-kwale sai da riga a jikin kowa, da matuƙin da Sarkin Ruwa ya yarda da shi, da rana tsaka ba iska, kuma a ɗauki ƙasa da adadin da matuƙi ya ce jirginsa yana ɗauka. Ba mu manta da Bagwai ta jihar Kano ba a ƙarshen Nuwamba 2021, inda jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Mataki na 9: Wasanni da zaman ma'aikata

A raba rukuni da ƙuri'a, yadda manaja zai iya faɗawa ƙarƙashin jagorancin akawu. Ja-in-ja da igiya, tseren buhu, ƙwallon ƙafa, langa ga samari, carafke da 'yar gala-gala ga 'yan mata, dara da ludo ga masu son inuwa, duk suna tafiya. Wanda ya fi haɗa kan mutanenmu shi ne gasar gashin kifi: a sayi karfasa da tarwaɗa a hannun masunta, kowane rukuni na maza ya gyara ya gasa nasa, mata su ɗanɗana su yanke hukunci. Mata su tsara nasu wasannin a rumfarsu, wadda ba ta son fita fili kada a matsa mata. Kada a ɗauki hoton matar mutum ko 'ya'yansa a sa a Facebook sai da izininsa da nata. Kowane yaro ya koma gida da wani abu a hannu, ko da littafin rubutu ne da biskit.

Maganar aiki awa ɗaya ta isa, bayan la'asar ranar Asabar, ma'aikata kaɗai, a da'ira a kan tabarma. Tambaya biyu nake yi: mene ne yake wahalar da kai a aikinka wanda wani a nan zai iya sauƙaƙa maka, kuma wane abu ɗaya za mu gyara cikin wata uku? A fara daga ƙaramin ma'aikaci, shugaba ya yi magana a ƙarshe, domin idan ya fara, saura "haka ne, Yallaɓai" kawai za su ce. Wani ya rubuta abin da aka amince. Ba a yi wa ma'aikaci faɗa a wannan fita, balle a gaban matarsa da 'ya'yansa, kuma ba a aiken masinja ko direba kamar ana ofis. Mai son ruwa ya tashi ya ɗauko.

Mataki na 10: Kwana, dawowa, da abin da ya rage

Kafin magariba kowa ya bar bakin ruwa, a naɗe igiya, a sa wa yara riguna masu dogon hannu saboda sauro. Idan ɗakuna ba su isa kowane gida ya sami nasa ba, mata da ƙananan yara su kwana ɓangare ɗaya, maza da samari ɓangare ɗaya, masu jarirai a fara ba su. Kada a shiga ɗaki da kurfoti don jin ɗumi, kada kuma a kunna janareto kusa da taga, hayaƙinsu yana kisa cikin barci. Idan masaukin bai kwanta maka ba tun ranar dubawa, a mayar da fitar ta yini ɗaya, ko a kwana a cikin gari a dawo bakin ruwa da safe.

Ranar Lahadi a tsince shara tas, a sallami masunta, a yi wa Sarkin Ruwa da mai unguwa bankwana, a tashi da an idar da azahar don a shigo Zariya da sauran rana. Ko yara sun yi kuka, ko manya sun ce a ƙara awa ɗaya, kada ka yarda dare ya same ku a hanya. A kira sunaye kafin kowace mota ta motsa. Waɗanda suke nesa, kamar Shika ko Dakace ko cikin Birni, a san yadda za su isa gida, ɗan kwamiti kuma ba ya kwanciya sai kowane gida ya kira ya ce ya sauka.

Cikin mako ɗaya a manna lissafin kuɗi a allon sanarwa, a mayar da ragowa ko a ajiye ta da yardar kowa. A rubuta a littafi abin da ya ƙare da wuri, da abin da ya yi saura, da lambar Sarkin Ruwa da ta direban da ya yi tuƙin hankali, don wanda zai gaje ka. A gaya wa iyaye duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin mako biyu a kai shi gwajin maleriya. Bayan wata biyu zuwa uku kuma ka sake bin gidajen da ka san wani nasu ya taɓa ruwan dam, ka ce a lura da fitsarin yara, idan an ga jini a ƙarshensa a je asibiti a faɗa wa likita ranar da aka shiga ruwan da sunan dam ɗin, domin tsargiya tana da magani, praziquantel, kuma gwargwadon nauyin yaro ake auna shi.